Yadda Ake Shirya Wunin Iyali a Millennium Park da ke Abuja

Duk wanda ke zaune a Abuja ko garuruwan da ke kewaye da ita ya san rayuwar yaranmu: daga gida sai boko, daga boko sai Islamiyya, a dawo a zauna gaban talabijin ko waya. Yawancin gidajen haya na Mararaba da Nyanya da Kubwa da Lugbe ba su da tsakar gidan da yaro zai yi gudu har ya gaji. Ga shi kuma a tsakiyar birnin akwai fili mai faɗin hekta 32, ciyawa da itatuwa da ruwa, wanda aka san shi da shiga kyauta. Magidanta da yawa ba su taɓa kai iyalinsu ba. Wasu kuma sun kai su ranar Sallah, suka sha rana da turmutsutsu, suka ce ba su ƙara ba. Abin da ya ɓata musu tafiyar rashin shiri ne, shirin kuwa tun daga gida ake yin sa.

Ku fara da sanin irin wurin da za ku

Millennium Park yana gefen Maitama, kusa da otal ɗin Transcorp Hilton da dandalin Unity Fountain, kuma shi ne lambun shaƙatawa mafi girma a Abuja. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ce ta buɗe shi ranar 4 ga Disamba 2003, lokacin da ta zo taron shugabannin ƙasashe renon Ingila a zamanin mulkin Obasanjo. Wani masanin zanen gini ɗan Italiya, Manfredi Nicoletti, shi ya tsara shi. Rafi ya ratsa shi ya raba shi biyu. Ɓangaren da ke wajen ƙofar shiga an yi shi da tsarin lambunan Italiya, da doguwar hanya miƙaƙƙiya mai farin dutse da wuraren ruwa na ado. Ɗaya ɓangaren kuma an bar wa itatuwa da tsirrai.

Na kawo wannan ne don kada a yi wa yara alkawarin abin da ba za su tarar ba. Wanda ke son injinan lilo da motocin karo, Magicland zai nufa, can wajen ƙofar shiga birni. Wanda ke son ganin namun daji, akwai gidan zoo na yara a Asokoro, gindin Dutsen Aso. Millennium wurin shimfiɗa tabarma ne, a ci abinci, a yi taɗi, yara su yi ta tsere a kan ciyawa. Nishaɗin da za ku samu, mafi yawansa ku za ku zo da shi daga gida. Ku faɗa wa yara haka tun da wuri: "Fili za mu je mu yi ƙwallo, mu ci abinci a ƙarƙashin bishiya." Yaron da ya san abin da zai tarar ba ya yin rigimar lilo.

Zaɓen rana da lokaci

Idan da hali, kada fitarku ta farko ta zama ranar Sallah ko washegarinta, ko Kirsimeti, ko ranar sabuwar shekara. A waɗannan ranaku kowa can yake nufa, inuwa ta yi wuya, wurin ajiye mota ya cika, kuma a irin wannan cunkoson ne yara ke ɓata. Asabar da safe ta fi sauƙi ga mai ƙananan yara. Lahadi da yamma jama'a kan yi yawa. Lokacin hutun makaranta kuwa, ranar aiki ta fi kowace rana natsuwa, sai dai a guji fitowa a lokacin gosulon ma'aikata. Ranar Juma'a ku tuna cewa hanyoyin da ke kewaye da Babban Masallacin Ƙasa kan cushe da tsakar rana.

Akwai abin da baƙi ba su cika lura da shi ba. Lambun na kusa da harabar da ta ƙunshi Majalisar Tarayya da Kotun Ƙoli da fadar shugaban ƙasa, ga kuma dandalin taron ƙasa na Eagle Square ba nisa. Ranar wani babban bikin ƙasa akan rufe hanyoyin yankin, kuma Unity Fountain wuri ne da masu zanga-zanga suka saba taruwa. Ku saurari labarai a daren da za ku wayi gari ku fita. In an ce akwai taro ko zanga-zanga a tsakiyar birni, ku ɗage tafiyar ba tare da wani dogon tunani ba.

Sai yanayi. Daga Nuwamba zuwa Janairu iska na da daɗi, ba fargabar ruwa, amma ƙurar hunturu kan tayar wa mai asma ciwonsa, don haka a tafi da abin shaƙarsa. Fabrairu da Maris zafi kan haura 35 a ma'auni, wanda ke nufin ko dai a je da sassafe a tashi kafin azahar, ko a bari sai bayan la'asar. Daga Afrilu zuwa Oktoba damina ce. A lokacin ne ciyawa ta fi kyau, amma hadari kan taso da yamma ba sallama, don haka safiya ta fi aminci.

A ganina awa uku zuwa huɗu sun isa. Ƙarfin mafi ƙanƙantar yaro da na mafi tsufa a cikinku, shi za a duba a yanke tsawon zaman. Idan kuna tare da Hajiya mai ciwon gwiwa da goyo ɗan wata takwas, su ne za su faɗa muku lokacin tashi.

Raba aiki, tun kwana biyu kafin ranar

Nan ne nake so maigida ya saurara da kyau. A gidaje da yawa abin da ake kira fitar iyali ƙarin aiki ne kawai ga uwargida. Ta tashi da asuba ta ɗora tukunya, ta yi wa yara wanka, ta haɗa kaya, a can kuma ita ke zuba abinci, ita ke bin mai rarrafe, ta dawo gida ga wanke-wanke na jiran ta. Wannan ba adalci ba ne, kuma shi ya sa mata da yawa ba sa ɗokin a sake fita. Ku zauna ku raba. Maigida ya ɗauki cefane da ruwa da mota da lodin kaya. Manyan yara su ɗauki tabarma da kayan wasa da kwashe shara. Kowane ƙaramin yaro a ba shi babba guda da zai riƙe shi, a ambaci suna a gaban kowa: "Yaya Babba, ƙaninka na hannunka yau." Idan aka ce kowa ya sa ido, ƙarshenta ba wanda ya sa.

A nan ne kuma za a yanke kuɗin da za a kashe. Ba kuɗin ƙofa ne ke cinye aljihu ba. Mota ce, da kayan kwalama, da masu ɗaukar hoto. Ku ware wa kowane yaro abu ɗaya da za a saya masa, ku faɗa masa tun a gida. Ku riƙe tsabar kuɗi ƙananan canji, saboda taransifa kan maƙale a daidai lokacin da ake buƙatarta.

Abinci da ruwa

Ku zaɓi abin da ba ya lalacewa da wuri kuma ba ya buƙatar miya mai zuba. Dafa-dukar shinkafa ko ta taliya a cikin kula mai riƙe zafi, soyayyen nama ko kaza, dambun nama, kilishi, dafaffen ƙwai da ɓawonsa, soyayyar doya, cincin, dubulan, dabino, ayaba, lemon zaƙi. Tuwo da miyar kuka a bar su sai an dawo gida. Haɗin salak mai mayonis shi ma a haƙura da shi, don ba ya jure zafi. Kunun aya na saurin tsami in ya rabu da sanyi. Zoɓo ya fi shi haƙuri. Dafaffen abincin da ya huce kada ya wuce awa biyu a buɗe, in rana ta yi zafi sosai ma awa ɗaya. Saboda haka ku ci mai nauyin da wuri, a bar busassun su kai ku zuwa tashi.

Ruwa kuwa, ku ƙiyasta wa kowane babba lita ɗaya da rabi zuwa biyu, yara lita ɗaya, sannan jarka daban ta alwala da wanke hannu. Ga dabarar da ke rage kashe kuɗin ƙanƙara: da daddare a jefa rabin fiya-watan a firiza su daskare. Da safe a jera su a ƙasan kula, a ɗora robobin zoɓo a kai, a rufe da tsohon tawul kafin a sa murfi. Su ne ƙanƙararku da safe, zuwa azahar sun narke sun zama ruwan sha mai sanyi. Inda wuta ba ta samu ba, a sayi ƙanƙarar leda a hanya.

Sauran kayan: tabarma biyu ko babbar darduma, shimfiɗaɗɗiyar leda da za a sa a ƙarƙashinta, buta, sallaya, sabulu, tsumma, cokula da faranti, wuƙa a naɗe cikin tsumma, da manyan ledoji biyu na shara. Mai goyo ta ƙara famfas da kayan canji kala biyu da zanen goyo, domin zane ya fi keken jarirai amfani a kan ciyawa. A ƙaramar jaka a sa filasta, auduga, maganin wanke ciwo, farasitamol na yara da na manya, gishirin ORS, da duk maganin da wani ke sha kullum. Hajiya a ɗaukar mata kujerar roba ko mai naɗewa, zaman ƙasa na awa uku ba nata ba ne. Kayan wasa kuma ba sai an saya ba: ƙwallo, igiyar tsalle, ludo, da 'yan duwatsun carafke. A cika cajin wayoyi tun dare.

Sutura a sa mai sauƙi. Sabuwar shadda da takalmi mai tsini ba sa shiri da ciyawa, kuma yaron da aka yi ta ce masa "kar ka ɓata kayanka" bai sha iska ba. A sa musu wanda ba a jin zafin ɓacinsa, da takalmi sau-ciki.

Hanya

An hana acaɓa shiga tsakiyar Abuja tun 2006, a-daidaita-sahu ma ba ya zuwa wannan yankin. Don haka ko dai motar gida, ko shatar tasi, ko a kira mota ta manhaja irin Bolt da Uber. Iyali mai yara da kula da tabarma, shata ta fi musu rufin asiri a kan hawa-da-sauka. In direban da kuka sani ne, ku yi ciniki na zuwa da dawowa gaba ɗaya, ku sa masa lokaci. Masu tasowa daga Mararaba da Nyanya su fito da wuri kafin hanyar mahaɗar AYA da ke Asokoro ta ɗauki zafi. Na Suleja da Zuba da Kubwa su bi babbar hanyar Kubwa, na Lugbe da Gwagwalada kuma titin filin jirgi. In direba bai gane ba, a ce masa kusa da Hilton.

Kafin a hau mota kowane yaro ya zaga bayan gida, ko ya ce ba ya ji. Mai motar kansa ya kulle ta, kada ya bar jaka ko waya a kan kujera inda ake hange. Kuma a ja kunnen matasa: yankin cike yake da jami'an tsaro, kada a ɗaga waya a ɗauki hoton shingensu ko motocinsu.

Minti goman farko

Da an shiga yara za su so su ruga. Ku tsayar da su tukuna. A gaishe da masu gadi, a tambaye su lokacin rufewa, da inda bayan gida yake, da abin da aka hana. In kuna da niyyar kunna lasifika ko hura gawayi, a nan za a tambaya kafin a yi.

Sannan a tara yara wuri ɗaya a ɗauke su hoto a waya. Amfaninsa shi ne in wani ya ɓata, za a nuna wa mutane kamanninsa da kayan da ke jikinsa yau, don a cikin ruɗewa uwa ma kan manta kalar rigar da ta sa wa ɗanta. Kowane ƙaramin yaro a sa masa 'yar takarda a aljihu mai ɗauke da lambar waya biyu, wanda ba shi da aljihu a rubuta masa da biro a damtse. A nuna musu mai gadi da kakinsa, a ce: "In ba ka gan mu ba, ka tsaya inda kake. In ka ga mai irin wannan kayan, ko wata mama mai yara, ka nuna mata takardar nan. Kar ka bi kowa waje, ko ya ce Abba ne ya aiko shi." A sa yaron ya maimaita da bakinsa. Manyan yara kuma a nuna musu wurin haɗuwa guda ɗaya, kamar bakin ƙofar da aka shigo.

Inda za a shimfiɗa tabarma

Kada a yada zango a inuwar farko da aka gani. Mutum ɗaya ya tsaya da kaya da tsofaffi, wani ya zaga ya duba. Ana neman wurin da ke da inuwa mai kauri, da fili a gabansa inda za a riƙa hango yara daga zaune, ba nisa sosai da bayan gida, kuma nesa da bakin rafi.

Inuwa tafiya take yi. Da hantsi tana yamma da bishiya, bayan azahar ta koma gabas. In za ku kai la'asar, ku shimfiɗa a gefen gabas ɗin bishiyar, kusa da gindinta, sai inuwar ta riƙa zuwa muku maimakon ta gudu. Kafin a shimfiɗa, a durƙusa a duba ƙasa da saiwoyi. In an ga layin tururuwa ko ramin cinnaka, a matsa gaba, domin da ƙamshin nama ya tashi za su iso. A sa ledar a ƙasa, tabarma a kai, a danne kusurwoyi da takalma. Kula a ajiye ta a wurin da inuwa ta fi duhu. A bar tazara tsakaninku da wasu iyalan, don mata su sake, mai shayarwa ta samu sutura.

Yadda wunin zai tafi

A fara da zagaye tun rana ba ta yi zafi ba. A bi doguwar hanyar nan ta farin dutse, a ƙetara gada, a leƙa ɓangaren itatuwa. Ruwan adon na kallo ne, ba na wanka ko sha ba, kuma dutse mai laima na da santsi, don haka hannun ƙarami na cikin na babba har a wuce. A nuna wa yara Dutsen Aso in an hango shi, a tambaye su sunayen itatuwa da tsuntsayen da suka gane. Kaka ta fi kowa iya wannan darasin.

In an dawo a sake su. A shata musu iyaka da abin da ido ke gani: "Daga wannan bishiyar zuwa waccan fitilar." Maigida ya tuɓe hula ya shiga ƙwallon, ya koya musu langa, 'yan mata su yi tsallen igiya da 'yar gala-gala. Ina roƙon iyaye maza su ajiye waya a aljihu na awa ɗaya cur, su karɓi mai rarrafen, uwargida ta miƙe ƙafa ta sha zoɓonta ba wanda ke kiran sunanta. Duk rabin awa a kira yara su sha ruwa, don mai wasa ba ya tuna ƙishirwa.

Lokacin salla a yi alwala da buta a gefe, inda ruwan ba zai jiƙa wurin zaman wasu ba. Alƙibla daga Abuja gabas ce da ɗan karkata arewa, manhajar waya za ta daidaita muku. A yi sallar kashi biyu, wasu na yi wasu na tsaron yara da kaya. Bayan gida kuwa, yaro ba ya zuwa shi kaɗai ko da ya kai shekara goma.

Masu hoto da masu talla za su zo, neman halaliyarsu suke yi. In ana so, a yi ciniki kafin a ɗauka, a ji kuɗin kowane hoto. In ba a so, "Mun gode, Malam, Allah ya ba da kasuwa" ta wadatar. Ku ma in kuna ɗaukar hoto, ku kauce wa sa matan wasu da 'ya'yansu a ciki.

In wani abu ya faru

Yaro ya ɓata: kada kowa ya watse. Babba ɗaya ya zauna a tabarma da sauran yaran, ɗaya ya nufi bakin ruwa da farko, ɗaya ya je ƙofa ya nuna wa masu gadi hoton. A ɗaga murya a faɗi kamanninsa, "yaro ɗan shekara huɗu, jar riga," don jama'a su taya dubawa. Ba wurin jin kunya ba ne. Lambar kiran gaggawa a Najeriya ita ce 112.

Yaro ya yi laushi, yana ciwon kai ko jiri: a kai shi inuwa, a sassauta masa kaya, a shafa masa ruwa a jiki, a ba shi ORS kaɗan-kaɗan. In babu na leda, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ya fara ruɗewa, ko yana ta amai, ko ya suma, asibiti kai tsaye.

Hadari ya haɗo: da jin tsawa a naɗe tabarma a nufi mota. Gindin doguwar bishiya ba mafaka ba ce lokacin walƙiya, kuma rafin kan ƙaru bayan ruwa.

Tashi

A fara haɗa kaya tun yara ba su kai ga kuka ba. A sanar da su saura minti goma, sannan a cika alkawari. A Abuja rana na faɗuwa tsakanin ƙarfe 6 da 7 duk shekara, duhu kuma ba ya jira, don haka 5:30 ta same ku a hanyar ƙofa. Wanda ba shi da mota ya kira tasa tun yana ciki. Kada a tsaya bakin titi da magariba ana tare motar da ba a sani ba, saboda ɓarayin nan 'yan wan-cans da ke shigar masu tasi.

A ba kowane yaro leda ya tsince abin da ke kewaye da tabarma: ledar fiya-wata, ƙashin kaza, ɓawon ƙwai, murfin roba, har da wanda ba ku kuka yar ba. Famfas a ƙulle shi a leda daban. In kwandon shara ya cika, a tafi da ita gida. A ɗaga tabarma a kakkaɓe, a duba ƙarƙashinta, nan makulli da ɗan kunne ke maƙalewa. A ƙirga yara a bakin ƙofa, a sake ƙirga su bayan an shiga mota.

A gida, shinkafar da ta wuni a kula ta huce kada a ajiye ta don gobe. A yi wa yara wanka da sabulu saboda ƙaiƙayin ciyawa, a duba ƙafafu da bayan gwiwa ko akwai cizon ƙwaro ko ƙaya. Wanke kula da faranti aikin maigida da manyan yara ne. Tabarma kuma a shanya ta kafin a naɗe, in ba haka ba za ta yi funfuna.